Ranar da Sakata Ta Daina Kuka

Ku samarin da kuke sauka daga tirelar shanu a Trans-Amadi, tun ba ku wanke ƙafa ba kun fara tambayar inda ake ɗaukar masu gadi, da ku nake magana. Ina jin abin da kuke faɗa a teburin mai shayi. Wai gadi ba aiki ba ne, zama ne kawai, a ba ka benci da rediyo ka yi ta gyangyaɗi har wata ya ƙare. To ni Haladu na fi shekara talatin ina bakin ƙofar mutane, daga Inugu zuwa nan Fatakwal. Ba ni da boko sai ɗan abin da na tsinta a ajin manya, kuma ni ba mai yawo ba ne, daga bakin get sai ɗakina na Borokiri, sai masallaci. Amma in kun lura da hannuna na hagu za ku ga yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa. A wannan zaman da kuke rainawa na samo su.

Aikina na farko a Inugu ne, wani siton wake da albasa kusa da Kasuwar Artisan. Wanda ya koya mini sana'ar sunansa Baba Tanko, wani dattijo ɗan tsurut. Sai da na yi wata huɗu a masaukinsa, muna ci kwano ɗaya, kafin ya bar ni na taɓa makulli. Ni a zatona rowar aiki yake yi mini. Ashe ya ba wani direban babbar mota saƙo zuwa garinmu, a tambayo masa ɗan wane ne ni, me ya fito da ni, na bar abin kunya a baya ko ban bari ba. Sai da direba ya je ya dawo, sannan ya kama hannuna ya kai ni gaban mai sito ya ce, "Wannan nawa ne. In wani abu ya ɓata, ni za ka nema." Haka ake ɗaukar maigadi a da. Ba takarda, ba hoto. Mutum ne yake tsaya wa mutum, kuma ba ya tsayawa sai ya san wa yake tsaya wa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tocila, usur, gora, kwaɗo mai kyau, buta, rigar ruwa, maganin sauro. Baba Tanko bai damu da ko ɗaya ba kamar yadda ya damu da kunne. Yakan sa ni in juya wa titi baya, ya yi ta tambayata. Motar wa ce wannan? Mutum nawa suka wuce? Wancan da ya tsaya a bakin kwata, fitsari yake yi ko kallonmu yake yi? Da farko abin dariya yake ba ni. Daga baya na kai in mai gida ya karyo kwana, daga yadda ya taka birki nake sanin ko da fushi ya dawo.

Wata rana na ga sakatar ƙaramar ƙofar siton ta yi tsatsa, in an ja ta sai ta yi wani kuka mai ratsa haƙori. Na je wurin bakanike na roƙo baƙin mai a gwangwani, na dawo ina jin na yi abin kai. Ina tsoma tsinke ke nan Baba Tanko ya buge mini hannu, gwangwani ya kife.

"Wa ya aike ka?"

"Baba, kuka take yi."

"Ita ta ce maka ciwo take ji? Zauna ka ji. Kana bayan gida, tana gadi. Kana sujada, tana gadi. Maigadin maƙwabta ma da kukanta yake sanin an shiga wurinka. Ka shafa wa babban get mai in ka ga dama, mota ba ta shigowa a ɓoye. Amma ƙaramar ƙofa, wadda mutum ke shigowa da ƙafarsa, kada ka kuskura ka rufe mata baki."

Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Masu gida iri-iri ne. Na yi wa wani ɗan kasuwa aiki, tun daga kan kwana yake danna hon, in ya iso get bai buɗe ba ranar ba ka da sauran mutunci. Na yi wa wata madam da ta mayar da ni ɗan aike, sayo tumatir, kai wa tela ɗinki, ƙofa kuwa ko oho. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuya shi ne gidan da aka ɗauke ka ɗan gida, don nan ne in abu ya faru ba ka da inda za ka sa fuskarka.

Irin wannan gidan na samu a Fatakwal, a wani layi mai gida goma sha biyu da ba ya ɓullewa. Matar gidan sunanta Mama Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar nas. Hausarta ta fi ta wasunku. Mijinta Baba Yohanna ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa, daga baya ciwon huhu ya kwantar da shi a ɗakin sama. 'Ya'yansu duk suna nesa. Ita takan aiko mini da shinkafar Kirsimeti da kazar da ni na yanka da hannuna, ni kuma in kai mata cinyar rago da Babbar Salla. Ranar da na fara aiki, kafin ta ba ni makullin get, ɗakin janareta ta kai ni a can bayan gida.

"Malam Haladu, ka ga injin nan? Numfashin mijina ne. Akwai na'ura a gefen gadonsa da take ba shi iska ta hanci, da wuta take aiki. In an ɗauke wuta, ka bar duk abin da kake yi ka zo ka murɗa wannan makullin. Kada ya wuce minti biyar. Akwai tukunyar iska ta ko-ta-kwana, amma sai na haɗa masa ita da hannuna, shi ba zai iya ba."

Shekara bakwai ban taɓa barin ya kai minti biyu ba. Gidan kowa a layin yana iya yin shiru in babu wuta, ban da gidan Mama. Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne Garba, maigadin gidan da ke kallon namu, wani Bazazzagi mai tsokana. Ni da shi muka rataye tsohon rim na mota a bishiyar mangwaro. Ƙa'idar masu gadin layin ita ce, duk wanda ya ji an buga ƙarfen nan ya fito da gorarsa yana busa usur, ba tambaya.

Shekarar da abin ya lalace, masu gidajen layin suka yi taro suka ce sun gaji da gadin gargajiya, kamfani suke so. Mu tsofaffi za a riƙe mu, amma mu sa yunifom, kuma kowane gida a ƙara masa mutum ɗaya. Wato kamfani yana neman mutum goma sha biyu kafin Litinin. Ranar Asabar mai kula da ma'aikatansu, wanda muke kira Oga Sufa, ya iso da bas cike da samari. Daga baya na ji a tasha ya kwaso su. Horon da aka ba su a gabanmu aka yi shi: su jera, su ƙame, su sara. Kafin azahar an gama, an raba musu riga da takalma.

Sannan ya ɗora takardu a kan mota, ya buɗe ɗan akwatin tawada, ya kira mu tsofaffi. Wai kowane sabo sai an sami garanto, wanda zai tsaya masa. Ya nuna mini wani dogon saurayi mai ɗan gemu, ya ce shi ne abokin aikina, in dangwala masa yatsa.

Na ce, "Oga, ban san shi ba."

Ya yi dariya. "Aboki, no be your brother? All of una na one." Wato ai mu 'yan Arewa duk ɗaya ne.

Saurayin nan kuwa sai ya durƙusa har ƙasa. "Baba, ina wuni. Mun same ku lafiya? Ya iyali, ya ƙoƙari? Sunana Nasiru. Ka taimaka Baba, kwana uku ke nan a tasha nake kwana." Gaisuwa ce cikakkiya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Na tambayi garinsu, ya faɗi wani ƙauye da nake jin sunansa, har da ranar da kasuwarsu take ci. Ga Oga Sufa yana duba agogo, ga sauran samarin suna kallona. Duk wanda ya zauna a Kudu ya san wannan kunyar. A ce Bahaushe ya durƙusa maka a gaban wanda ba Bahaushe ba, a ƙasar da ba taku ba, kai kuma ka ce ba ka yarda da shi ba. Na waiga na ga Garba ya naɗe babban yatsansa da tsumma, wai wuƙa ta yanke shi. Da safen nan kuwa tare muka sha shayi, yatsa lafiya lau. Oga ya ce ya kawo na hagu, ya ce a garinsu ba a shaida da hagu. Ni na miƙa nawa. Abin da ya ɗauki Baba Tanko wata huɗu, ni ban yi masa ko minti huɗu ba.

Gaskiya Nasiru bai ba ni abin faɗa ba. Yana riga ni share tsakar gida, yana wanke motar Mama ba a sa shi ba. Takalmin da kamfani ya ba shi ya yi masa yawa, in yana tafiya sai ka ji fat, fat, har nake tsokanarsa cewa wurin agwagwa ya koyi tafiya. Yana da yawan tambaya. Yaushe ɗan Mama yake zuwa? Me ya kawo a jakar nan? Ƙofar kicin a buɗe take wuni? Ni kuma kun san ni da surutu. Wanda ya tambaya na ba shi amsa, wanda bai tambaya ba na ƙara masa.

A sati na biyar na dawo daga Borokiri da safe, na ƙwanƙwasa, ƙaramar ƙofa ta buɗe ban ji komai ba. Na tsaya ina kallon sakata. Tana ƙyalli, baƙin mai har yana ɗiga.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Na ga tana damun mara lafiya in yana barci."

Kafin in buɗe baki Mama ta leƙo ta tagar sama. "Malam Haladu, ka ga ɗan kirki ko? Shekara bakwai ƙofar nan tana cin kunnena, kai ko a jikinka."

Na yi murmushi na ce Allah ya yi masa albarka. Na ce a raina gobe zan wanke ta da kananzir. Goben ta zo, na ce kada Mama ta ga kamar ina baƙin cikin yabon da ta yi masa, bari a kwana biyu. Garba ya tsallako ya ce, "Bakano, ƙofarka ta zama bebiya. Yanzu ko aljani ya shiga wurinka ba zan sani ba." Na ce ya je ya yi jinyar yatsansa.

Ranar wata Laraba ce cikin damina. Tun azahar aka ɗauke wuta, janareta yana aiki, ruwa kuma yana sauka irin na Fatakwal. A sana'armu masu gadi biyu ba sa salla tare, ɗaya ya yi, ɗaya ya riƙe ƙofa. Da la'asar ta yi Nasiru ya ce, "Baba, fara yi, na riƙe." Na shimfiɗa sallaya a 'yar rumfar kwano da ke bayan ɗakin gadi. Daga wurin zuwa ƙaramar ƙofa bai fi taku goma ba. Da sakatar nan tana da bakinta, da ko a sujada nake na ji ta, na yanke salla, na busa usur ɗin da ke wuyana.

Ina raka'a ta uku na ga takalma a gefen sallaya, ba na Nasiru ba. Na ɗago, na ga adda tana saukowa. Hannun hagu na sa na tare. Ban ji zafi ba a lokacin, sanyi na ji, kamar an zuba mini ruwan ƙanƙara a hannun riga. Wani ya buga mini gindin bindiga a ƙeya. Su uku ne cikin rigunan ruwa. Suka tsinke usur, suka cire mini waya, suka cusa mini hulata a baki, suka ɗaure ni hannu da ƙafa da igiyar shanya, hannuwan ta baya. Ɗaya ya tambayi inda za a ajiye ni. Muryar da ta ba shi amsa na san ta. Nasiru ya ce a kai ni ɗakin janareta, wai wannan tsohon da kunne yake gani, a can ba zan ji komai ba, ba kuma mai ji na.

Ya yi gaskiya. Suka jefa ni kusa da injin suka ja ƙofa. Ƙara ta cika mini kai. Tun da na fara gadi ban taɓa zama ban san abin da ke faruwa a gidan da nake tsaro ba sai ranar. Ko dukan Mama suke yi, ko sun harbe ta, ko sun taɓa na'urar Baba Yohanna, babu abin da zai iso kunnena. Jini kuma yana taruwa a ƙarƙashina, ina jin ɗuminsa. Garba yana can ɗakinsa da rediyo, yana jin injinmu yana aiki, a wurinsa komai lafiya ke nan.

Abu ɗaya ya rage mini, injin nan. In na kashe shi Garba zai ji shirun. Amma in na kashe shi na'urar Baba Yohanna za ta tsaya, Mama kuwa in a ɗaure take ba mai haɗa masa tukunyar iska. Minti biyar ta ce. In Garba ya fita sayen goro, ko ruwa ya hana shi ji, to ni da hannuna na kashe mutumin da aka ba ni amanarsa. In kuma na bar injin yana aiki, mu ukun da ke gidan duk mun san fuskar Nasiru. Ban ga dalilin da zai sa ya bar mu da rai ba.

Na jingina da bango na miƙe da ƙyar, na juya wa injin baya, na lalubi makullin da hannun dama. Na yi bisimilla a zuci na murɗa.

Injin ya yi tari ya mutu. Sai komai ya dawo mini. Ruwa a kan kwano. Durowa ana jefarwa a ƙasa. Wani yana daka tsawa a sama, yana tambayar ina dalar da ɗanta ya kawo. Muryar Mama, tana raye, tana cewa babu, su ɗauki mota, su ɗauki komai. Sai kuma wata 'yar ƙara siririya, tii, tii, tii, wadda na'urar take yi in wuta ta yanke. Nan take Mama ta daina maganar mota, ta koma Hausa.

"Nasiru, ɗana, ka kwance mini hannu ɗaya. Ɗaya kawai. Ba ya iya numfashi."

Na fara ƙirga a zuci. Na kai sittin na sake farawa. Na sake kaiwa. Babu rim, babu usur. Na ji wayata tana ƙara a can cikin gida, a aljihun wani, har ta katse. A ƙirga ta uku na ji an buɗe ƙofar kicin. Fat, fat, fat, cikin ruwa, yana nufo ni.

Ya buɗe ƙofa ya tsaya, adda a hannunsa, rigar kamfani a jikinsa. Ya dubi makulli, ya dube ni.

"Baba, me ya kai ka?" A hankali ya faɗa, da irin muryar da ya gaishe ni da ita ranar farko. "Da ka yi zamanka."

Ya matso taku ɗaya. Na rufe ido. Sai rim ya ɗauka. Garba yana dukansa kamar zai fasa shi, usur ya tashi daga gidan farko, na biyu ya karɓa, har ƙarshen layi, karnuka suka shiga. Na buɗe ido babu kowa a bakin ƙofa. Na ji gudu a matakalar bene, na ji harbi ɗaya, na ji fat, fat ɗin nan ya ratsa tsakar gida ya fita.

Saura injin. Na sake juya masa baya. Hannun dama ya jiƙe da jinin na hagu, makulli yana zamewa. Na murɗa, ya yi gurnani ya ƙi. Na murɗa, ya ƙi. Ƙirgata ta ɓace, ban san ko minti huɗu aka yi ko bakwai ba. Na goge yatsuna a bango na murɗa na uku, ya kama. Iyakar abin da na sani ke nan. Farkawa na yi a asibiti, Garba yana zaune a gefena yana cin ayabar da aka kawo mini dubiya.

Ya ce, "Na ji injin ya mutu, na ce bari in ga minti nawa Bakano zai yi. Na kira wayarka ba a ɗauka ba. Na leƙo na ga ƙaramar ƙofa a sake. Da tana kuka ai da tun shigowarsu na fito."

Baba Yohanna an same shi leɓɓansa sun yi baƙi, amma ya rayu, ya ƙara damina biyu a duniya. Mama an yi mata ɗinki a goshi, kuma har yau akwai shatin igiya a wuyan hannunta.

Ni kuma daga asibiti wurin 'yan sanda aka wuce da ni. Ban ga laifinsu ba. Ga takarda, ga hoton Nasiru, ga yatsana a ƙasa, an rubuta na san shi na san iyayensa. Kwana shida ina amsa tambaya ɗaya: ina ɗan'uwanka? Oga Sufa ya zo ya ce kamfani ba shi da hannu, ni na tsaya masa. Mama ce ta zo da bandeji a kai ta fitar da ni, sannan ta sa aka kai mu ofishin kamfanin, ta ce a ba ta takardar ta karanta da kanta. Wurin aikin da Nasiru ya yi a baya, ba a rubuta komai ba. Lambar wayar danginsa, ta buga a gabansu, babu irin wannan lambar. Adireshi kuwa an rubuta: bayan masallaci, Kano.

Ta cire tabarau ta dubi manajan. "Wane masallacin? Ko ɗaya ne a garin? Kafin ku turo shi ya tsaya tsakanina da titi, wa kuka kira? Ina kuka je?"

Ya ce za su bincika.

Binciken da ba su yi ba direbobin shanu suka yi shi cikin sati biyu. Garba ya tura hoton a waya, wani direba da ke sauke kaya a Anacha ya ce ya san fuskar. A can sunansa Sani. An kore shi daga wani gida bayan kaya sun ɓata, kuma rigar da ya cire ya ajiye a can ta wannan kamfanin ce, reshensu na Anacha. Kira ɗaya daga ofis zuwa ofis ya isa. Ƙauyen da ya faɗa mini kuma an tambaya, babu wanda ya san shi. Har yau ba a kama shi ba. In ina kan okada na hangi dogon maigadi cikin yunifom a ƙofar wani gida, ƙafarsa nake fara kallo. Kamfanin yana nan, launin riga kawai ya canza.

Shi ya sa in ɗayanku ya zo ya durƙusa mini da takardar garanto nake cewa ya tashi. Kuna cewa tsohon nan ba shi da kirki, wannan ma na ji. Ga tabarma a ɗakina, ga kwano, zo mu ci tare. Faɗa mini sunan mahaifinka da na mai unguwarku, yanzu ba sai an jira direba ba, waya tana kaiwa. In na ji labarinka, na kuma ga yadda kake tashi da yadda kake fushi, da kaina zan kai ka in ce wannan nawa ne. Kafin nan yatsana yana aljihuna. Kuma in an kai ku gida, ku tambayi tsohon da kuka tarar kafin ku gyara abin da kuka ga kamar ya lalace.

Da na koma bakin aiki Mama ta sallami kamfani, ni kaɗai na rage kamar da. Abin da na fara yi, na wanke sakatar nan da kananzir, na bi da garin sabulu, na goge ta da yashi. Ta ƙi kuka, man ya shige ta. Kullum da safe sai in jiƙa gishiri a buta in zuba mata, in bar ruwan sama ya dake ta. Sati uku ina wannan. A kwanakin nan Mama ba ta barin tagar sama. Duk lokacin da na ɗaga kai sai in ga labule ya motsa. Matar da ke yi mata girki ta ce mini abinci ma a tsaye take ci, a jikin tagar.

Wata safiya mai burodi ya ƙwanƙwasa, na ja sakata, sai ta saki wannan mummunan kukan nata, har Garba ya ɗago kai daga tsallake. Tagar sama ta buɗe.

"Malam Haladu, kai ne?"

"Ni ne, Mama."

"Mayar da ita ka sake ja."

Na mayar, na sake ja. Ta saurara har kukan ya ƙare, sannan ta saki labule. Ranar sai da mai girki ta tashe ta daga barci, abincin rana ya huce.